Bindigar da Dawuda Ya Raba Biyu

Dawuda mai raguna a Makka aka yanke masa cibiya, a wani gidan kara da ke bakin unguwar Utaibiyya. Mahaifinsa ya tako daga Haɗejiya da ƙafa, shekara bakwai yana tafiya, ya kuwa bar wa ɗansa gadon ƙafar. Kowace shekara in aikin Hajji ya gabato, Dawuda kan hau duwatsun Ɗa'ifa ya sayo raguna wurin makiyaya, ya koro su kwana uku zuwa garken kawunsa Garba a unguwar Zahir ta Makka. Dabbobin na kawu ne, hanya ta Dawuda.

Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda ya fi yi wa jakinsa magana a kan mutane. Ya san rijiyar da ruwanta ke sa rago zawo, ya san kwazazzabon da kyarkeci ke laɓewa. Duk da haka, shekara biyu bayan yaƙin Turawa, hanya ta ba shi kunya. Yana da doguwar bindigar Turkawa da kuma libarba a ɗamara, kowacce da irin harsashinta, ya zube su a jaka ɗaya. Da hantsi kyarketai suka faɗa wa garken. Ya zura hannu, sau uku yana zaro harsashin libarba yana neman cusa wa doguwa. Kafin ya dace, an yi masa ɓarna mai yawa.

Kawu Garba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Bana ce ta ƙarshe, ɗan ƙanwata. In an kuma, ka ɗauki garwa ka shiga sayar da ruwa.”

Doguwar tana da wani aibin. Dawuda ba ya shiga Haramin Makka da makami a kafaɗa, don haka a wata rumfar gahawa kusa da duwatsun iyaka yake barin ta, ya ƙarasa da sanda. Ya tambayi limamin unguwarsu, liman ya ce makamin da larura ta sa aka riƙe, aka naɗe shi ba ya tsorata kowa, babu laifi. To, wa zai naɗe abin da ya kusa tsawonsa?

Da shekara ta zagayo, ya nemi takardar izinin riƙe bindiga, ya nufi rumfar Baba Rabe a Ɗa'ifa. Rabe tsoho ne da ya zo ta Sudan, mai gyaran bindigogi, bakinsa ya fi guduma zafi.

“Ahlan da mai ciyar da kyarketai!” in ji Rabe. “Sun aiko ka ƙaro musu ne?”

“Sun ce a gaishe ka, Baba. Sun ce naman tsoho ba ya tauno.”

Rabe ya yi dariya har ya yi tari, ya shimfiɗa wata bindigar Jamus mai sheƙi a tabarma. “Wannan, ya waladi, ɗana, daga nan za ka kayar da abin da ke kan dutsen can.”

Dawuda bai ko taɓa ta ba. Ya ciro harsashin libarbarsa guda ɗaya, ya dasa shi a tabarma. “Wadda take cin wannan nake so. Kwano ɗaya, baki biyu.”

“Harsashin ƙaramar bindiga? Ai ba ya nisa!”

“Kyarkeci ma ba daga nesa yake cin rago ba.”

Tsoho ya dube shi, ya ja tsaki irin na wanda aka kayar kuma ya ji daɗi. Ya shiga ciki, ya fito da wani ƙunshin tsumma. Gajeruwar bindiga ce ta Amurka, ƙotarta ta yi baƙi don shan hannu, kuma a rabe take biyu, baki daban, ƙota daban. Rabe ya haɗa, ya murɗa, ta ce ƙyas.

“Ta girme ka,” ya ce. “Kuma in ka haɗa ta da garaje, za ta yi maka gardama kamar uwar miji.”

Dawuda ya zauna ya raba ta, ya haɗa, ya raba, har aka kira la'asar. Ya fita bayan gari ya gwada ta a kan tsohuwar salka daga taku tamanin. Sannan ya kai ɓangarorin biyu wurin jaki, ya ga sun kwanta cikin mangala kamar don ita aka saƙa ta. Nan ya ce, “Khalas, magana ta ƙare.” Ya bar wa Rabe ta Turkawa.

Rana ta biyu da saukowa da raguna, wajen walaha, jaki ya ƙi gaba, kunnuwansa suka miƙe. Dawuda ya riga ya haɗa bindiga tun asuba. Kyarketai huɗu suka gangaro, toka-toka kamar duwatsun da suka haife su. Harbin farko ya tashi ƙura kawai. Na biyu ya kwantar da babban. Ɗaya ya zagayo ta baya ya kama wani rago a cinya, Dawuda ya zare libarba ya sallame shi. Da ya zura hannu a jaka, duk abin da yatsunsa suka taɓa daidai ne. Sauran biyun suka haye dutse suna waiwaye.

A duwatsun iyaka ya raba ta, ya naɗe, ya tura cikin mangala, ya shiga garin Allah da sanda a hannu, rago mai rauni a wuyansa.

Kawu Garba ya tsaya a ƙofar garke yana kallon dabbobin suna shiga, har na ƙarshe ya wuce. Ya duba cinyar ragon, ya tofa mata addu'a.

“Je ka uwargida Sa'adiya ta ba ka abinci,” ya ce. “Jibi ka koma. Mahajjatan Bahar Maliya sun fara sauka, waɗannan ba za su isa ba.”