Shekarar da Aka Raba Ni da Tsakiyar Fili

Kafin Malam ya dawo daga Amurka, tsakiyar fili tawa ce. Duk wanda ya yi kwalejin horon malamai da ke bayan Kakuri a farkon shekarun tamanin zai shaida. Lamba goma nake sawa. Tun ina ƙarami a Narayi, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a unguwar, nake yanke yara da ƙwallon roba a filin bayan cocinmu. Da na shiga kwaleji ma ban sauya hali ba. In ƙwallo ta zo ƙafata, sai na gaji da ita nake sakinta. In yanke mutum, in tsaya ya taso, in sake yanke shi, 'yan kallo su yi ta ihu. Sau da yawa a ci mu, amma sunana ake kira har ɗakin kwana, ni kuwa wannan ya ishe ni.

Malam shi ne malaminmu na motsa jiki, mutumin kudancin Zariya kamar ni, kamar yadda ake kiranmu a lokacin. Ya je ƙaro ilimi, ya dawo da hular hana sallah, da wata ƙwallon fata mai siffar gwanda, da kaset-kaset na bidiyo. Wata Asabar da rana ya tara 'yan ƙungiya a ɗakin cin abinci, aka rufe tagogi da barguna, ya kunna talabijin.

Muka ga wasu ƙarti sanye da hular kwano, kafaɗunsu sun kumbura, sun durƙusa layi biyu goshi da goshi kamar raguna. Can sai suka rufta wa juna, aka busa usur, suka tashi, suka sake durƙusawa. Dariya ta kece a ɗakin.

"Malam," in ji golanmu, "wannan ƙwallo ce ko kokawa?"

Malam ya tsayar da kaset ɗin, ya ɗora yatsa a kan wani da ke tsaye a bayan layi.

"Ku bar kallon masu karon, ku kalli wannan. Kwatabak ake ce masa. Waɗannan duk ɗaliban jami'a ne, matasa kamar ku. Shi ke karɓar ƙwallo, shi ke duba filin gaba ɗaya, shi ke zaɓar wanda zai jefa wa. Amma babban aikinsa shi ne riƙe saurin wasa. Wani lokaci ya tara mutanensa su yi ta shawara, lokaci na tafiya. Wani lokaci kuma ba shawara, kafin abokan hamayya su ja numfashi ya sake kai musu hari. Ba a haihuwar irinsa, rainonsa ake yi. Sai ya daɗe a benci yana kallo kafin a ba shi ƙungiya."

Ya ce ba zai koya mana wasansu ba, don ba mu da kayan, ba mu kuma da ƙasusuwan karyawa. Amma ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa tana buƙatar mutum irin wannan a tsakiya, kuma zai raini ɗaya daga cikinmu.

Kowa ya waiwayo ya dube ni. Ni ma na gyara zama.

Ranar Litinin a fili ya fito da wani gwaji. Muna cikin wasa sai ya busa usur, kowa ya tsaya cak a inda yake, mai riƙe da ƙwallo ya rufe ido ya faɗi inda kowane ɗan wasa yake tsaye. Da aka zo kaina na rufe ido, na lalubi kaina, ban samu kowa ba.

"Malam, ni dai na san inda ƙwallo take."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban ɗauki abin da muhimmanci ba.

Sai aka zo kan abokina. Ɗan Ibo ne, babansa makanike a Sabon Tasha, a Kaduna ya girma, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Baya yake bugawa, ga shi dogo, ga nauyin jiki, ba ya yanke kowa. Gadonsa na saman nawa, kwano ɗaya muke jiƙa gari. Ya rufe ido ya shiga lissafa mutane ɗaya bayan ɗaya, har da golan can nesa, ya ce ya baro ragarsa ya matso gaba. Muka waiwaya, haka kuwa yake.

Malam ya busa usur, aka ci gaba da wasa. Kafin mako ya fita ya miƙa wa abokina jesi mai lamba goma, ni kuma ya ce in koma gefen dama.

Na bi shi har inda ya ajiye Basfansa.

"Malam, laifin me na yi?"

"Ba ka yi laifi ba. A ƙungiyar nan ba wanda ya kai ka ƙafa. Kai wuƙa ne, amma wuƙa ba ta zaɓar inda za ta yanka. Hannu nake nema."

Ya taka babur ɗinsa ya tafi. Yabo ne ko zagi, ban iya rarrabewa ba, amma tuwon ranar bai shiga ba.

Daga nan aka fara rainon. Abokina ya kawo tsohuwar taya daga garejin babansa, suka rataye ta a reshen mangwaron da ke bakin fili. Bayan an sallame mu, shi ya tsaya. Malam ya sa shi ya yi ta jefa ƙwallon gwandar nan ta cikin tayar yana ja da baya, wai don ido ya saba da auna tazara. Sannan Malam ya sauke tayar ƙasa-ƙasa, abokina ya koma buga ƙwallo ta cikinta da ƙafa, dama da hagu. Ya koya masa ya dubi gabas ya aika ƙwallo yamma. Ya koya masa waiwaye kafin ƙwallo ta iso shi. Suka kuma ƙirƙiro kalmomi biyu. In abokina ya ce "Kunu!", to a sassauta, a yi ta miƙa wa juna a hankali kamar mai kurɓar kunu da zafi. In ya ce "Wuta!", kowa ya ruga gaba, taɓawa ɗaya, ba tsayawa. Da farko muryarsa ba ta fita, kunya ta yi masa yawa. Malam ya tsayar da shi a ƙarshen fili ya yi ta ihu har masu dafa abinci suka leƙo suna tambaya ko gobara ce.

Duk wannan ina gani. Nakan zauna a barandar aji da littafi buɗe a cinya, idona na kan mangwaron. Abin da ya fi ci mini rai ba jesin ba ne, yadda Malam ke dafa kafaɗarsa yana masa magana ƙasa-ƙasa ne. Ran Asabar ya goya shi a Basfa zuwa gidansa a Unguwar Boro su kalli kaset, ya dawo hannunsa na ƙanshin miyar matar Malam. Wata rana abokin nawa ya same ni ina wanki, ya tsuguna kusa da ni cike da murna.

"Ɗan'uwa, da ka ga abin da na gani yau! Akwai wani da ke karanta tsayuwar 'yan baya tun kafin a taɓa ƙwallo. Bari in zana maka."

Ya ɗauki tsinke zai zana a ƙasa. Na ce kaina ke ciwo. Ya ajiye tsinken, ya tambaye ni ko ya karɓo mini magani. Da ma ya yi mini girman kai, da na samu abin kamawa. Amma mutumin nan ko kusa bai san akwai wata a ƙasa ba.

Wata rana da tsakar rana, kowa na aji, na zagaya wurin tayar ni kaɗai. Na yi ta bugawa, ƙwallo na bin gefe, ɗaya ma ta faɗa gonar masarar maigadi. Na ɗauko ta na koma aji da gumi.

Wasanninmu na farko da sabon tsarin ba su yi kyau ba. Abokina ya ce kunu a inda ya kamata ya ce wuta, ya ba da fas a ƙafar abokan hamayya, aka ci mu. Ɗalibai suka fara gunaguni a mayar da ni tsakiya. Ban sa baki ba, amma kunnena na tsaye, kuma a makon nan na ci abinci sosai. Malam kuwa ko gezau. Ya ce wanda ake raino dole ya faɗi, kuma a fili zai faɗi, ba a ɗaki ba.

Sannu a hankali abin ya fara kama ƙasa. Sai ga babban wasanmu na shekara, da wata kwaleji ta tsallaken kogi wadda ta saba lallasa mu. Damina ce, an yi ruwa da safe, fili ya yi santsi. Abin da ban zata ba, Babana ya zo. A masaƙa yake aiki, bai taɓa zuwa kallona ba, don a wurinsa ƙwallo ɓarnar takalmi ce. Ranar ya tashi aikin safe, ya turo kekensa ya jingina da mangwaro, ya tsaya da rigar aiki.

Ba a daɗe da farawa ba suka zura mana ɗaya. Jinina ya hau. Ina jiran a ce wuta, sai na ji abokina ya ce, "Kunu!"

Muka shiga miƙa ƙwallo baya da gefe. 'Yan kallonmu suka fara ihun takaici. Ni ina gefen layi kamar an dasa ni, Babana na kallo, ƙwallo ba ta zuwa. Da aka yi fita na rugo wurinsa.

"An ci mu, kana ce mana kunu? Ba ni ƙwallon nan!"

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Bari su yi ta bin ta. Dubi mai tsaronka, ya fara riƙe ƙugu."

Na duba. Mutumin na haki, laka ta yi wa but ɗinsa nauyi. Haushi ya ƙara kama ni, don ni ke tsaye kusa da shi tun farko, ban lura ba.

Bayan hutun rabin lokaci ma kunun muka ci gaba da sha, har sai da suka saki jiki. Aka yi wa ɗan wasanmu ƙeta a tsakiya. Abokan hamayya na tafiya a hankali za su tsara katanga, wasu na gyara safa, sai muryar nan da aka horar ta tsaga filin: "Wuta!" Abokina ya ajiye ƙwallo ya buga nan take, fuskarsa na kallon hagu. Ni dai na ruga ne kawai. Ƙwallon ta sauka a gabana daidai inda ƙafata za ta taka, kamar an auna da igiya. Na yanke gola na tura ta raga.

Abokina bai bari sun farfaɗo ba. Ko jifa ce, kafin su juyo an jefa. Suka rikice, suna zagin juna. Ya sake samo ni ta tsakanin mutum biyu, na sake ci. Sannan ya ce kunu, muka riƙe ƙwallo har alƙalin wasa ya busa tashi.

Ɗalibai suka kwararo cikin fili. Na tsaya ina jiransu. Wasu sun bubbuga bayana a guje, amma wucewa suke yi. Malam da kansa ya jefar da hularsa, ya rungume abokina, aka ɗaga abokin nawa sama ana waƙar kunu da wuta. Daga can saman kafaɗun mutane yana nuno ni da hannu yana kiran a ɗauke ni, hayaniya ta hana a ji shi.

An ba mu hutun ƙarshen mako, sai na bi Babana gida. Muka taka a ƙasa yana tura keke, muna kauce wa kududdufai. Ina jiran ya yi maganar ƙwallayena.

"Yaron nan dogo," ya ce, "ɗan wane ne?"

Na faɗa masa.

"Kai, Allah ya yi masa kai. Ka ga yadda yake juya ku? Irin shugaban da muke nema a wurin aiki ke nan, wanda ya san lokacin da za a matsa da lokacin da za a sassauta. Ka riƙe shi da kyau."

Da muka isa, Mama ta tambaya wa ya ci. Baba ya ce, "Ɗanki ne ya zura duka biyun. Amma da kin ga wanda ke ba shi!" Ya shiga kwatanta mata da hannu, har ya kusa ture tukunya. Na ɗauki bokiti na tafi rijiya, alhali randa cike take.

Kafin ƙarshen shekarar aka gayyaci abokina sansanin matasan jiha. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa bakin titi. Muna jiran mota ya ce da ma tare aka kira mu, don bai san wa zai riƙa aika wa ƙwallo a can ba, ba kowa ke isa inda ya ajiye ta ba. Na ce Allah ya ba da sa'a, kuma da gaske nake. Motar ta tashi, na tsaya ina kallonta har ta sha kwana.

Bai yi nisa a ƙwallo ba, gwiwa ta hana shi, ya koma sayar da kayan gyaran mota kusa da garejin babansa. Ni na koyar a makarantun firamare har na yi ritaya. Zumuncinmu bai yanke ba, ni na tsaya masa a bikinsa. Kwanakin baya na je shagonsa, na tarar da wani dattijo mai sayen birki yana ba da labarin wasan nan tiryan-tiryan, har da ruwan da aka yi da safe. Da ya gama ya juyo ya dube ni.

"Malam, kai ma ka kalli wasan?"

Abokina ya buɗe baki zai yi bayani. Na riga shi, na ce e, na kalla, ina kusa sosai.