Katsinar da Mama Ba Ta Je Ba

Akwai wani yammaci a shekarata ta biyu a jami'a wanda har gobe ba zai fita daga raina ba. Lokacin an kwantar da yayata a asibitin ƙwaƙwalwa, bayan ta yi makonni ba ta barci, tana magana ita kaɗai. Asibitin ya ce sai wani na gida ya zauna da ita, don haka Mama ta ɗauki tabarma da buta ta tare can. Baba yana zuwa ofis, ni kuma aikina kai abinci bayan na taso daga makaranta.

A layinmu na Badarawa kuwa, Mama ta umarce ni in ce wa kowa ita da yayata sun tafi Katsina wajen dangi. Tsoronta kada a riƙa nuna yarinyar da baki bayan ta warke. Ni dama ba mai surutu ba ce, sai na riƙa wucewa da kular abinci, kaina a ƙasa.

Ina da halin lura da ƙananan abubuwa. Ranar da suka cika kwana goma sha tara na duba maganin hawan jinin Mama, na ga ƙwaya biyar kawai ta sha. Ƙafafunta sun kumbura, zaninta ya yi mata yawa. Da zan fita wata nas ta ja ni gefe.

"Yayarki tana samun sauƙi," in ji ta. "Mamanku ce ke ba ni tsoro. In ba a karɓe ta ba, gado biyu za ku nema."

Ta ce duk babbar macen da yayata ta saba da ita za ta iya zama da rana. Na gaya wa Mama, ta ce kada in sake in buɗe baki.

Ban taɓa saɓa mata ba sai ranar. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na haddace, na shiga gidan maƙwabciyarmu, wata Hajiya da ta yi ritaya daga koyarwa. Na same ta tana gyaran zogale. Na durƙusa, haddar ta gudu, da ƙyar na ce Mama fa ba Katsina ta je ba.

"Katsinar da ake kai wa tuwo da zafinsa kullum la'asar?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Zauna, 'yar nan."

Ashe tun makon farko matan layin suka gane. Sun yi shawarar zuwa dubiya, suka ga kamar tona mana asiri ne, sai suka yi kawaici. Mu muna ɓoyewa don kunya, su suna yin kamar ba su sani ba don kara, Mama kuwa tana ƙarewa a tsakani.

Washegari Hajiya ta bi ni. Mama na ganinta ta rufe fuska da mayafi. Hajiya ba ta tambayi komai game da ciwon ba, ta zauna bakin gado ta fara tsefe wa yayata kai.

"Maman yara, tashi ki je gida ki yi wanka ki kwanta. Nan wurina ne har magariba."

Mama ta yi barci ranar kamar ba za ta tashi ba. Mata biyar suka karɓi aikin, ni na tsara musu ranaku a takarda, har da lokacin shan maganin Mama. Kwana uku Mama ba ta yi mini maganar zuwana gidan Hajiya ba. A na huɗu, ina ɗaure kula, ta ce a hankali Allah ya yi mini albarka.

An sallami yayata bayan wasu makonni, yanzu haka tana ɗinkinta lafiya, kuma ba a taɓa jin labarin a bakin matan nan ba.

Abin da na koya shi ne mai jinya ma tana buƙatar dubiya, kuma da wuya ta nema da bakinta. Yanzu in na je asibiti, bayan na gaida mara lafiya, nakan juya ga wadda ke kan tabarma in tambaye ta yaushe rabonta da barci, sannan in ajiye jakata in zauna.