Kwana Goma Sha Ɗaya Ƙanena Yana Ajiya

Ni ba 'yar boko ba ce tun asali. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na zauna kan benci a ajin manya na Bodinga, ina riƙe fensir kamar muciya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce wata 'yar birni ce ta zo tana zagin 'yan sanda don a yaba mata. Ƙanena aka riƙe kwana goma sha ɗaya ba tare da ya saci ko tsinke ba, kuma wanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kai shi da hannunsa.

Ƙauyenmu yana bayan Kajiji, a ƙasar Shagari. Aure ne ya kawo ni Bodinga. Mu uku innarmu ta bari: wanmu, ni, da autanmu. Autan manomin albasa ne, kuma duk fadamar garin babu mai hannun dashe irin nasa. In ya duƙa a fangali yana cusa yabanya, kafin mutum biyu su gama layi ɗaya ya gama uku, kuma nasa ba ya mutuwa. Bayan ya yi aure da shekara biyu ciwo ya same shi a kai. Ya daina barci, ya riƙa magana da mutanen da ba mu gani. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi duk abin da aka ce a yi. Wadda ta taimake mu malamar asibiti ce, wata doguwar mata da aka turo daga wani gefen jiha, tana zuwa ɗakin shan magani na ƙauyenmu duk ranar kasuwa. Ita ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, daga can aka sa masa allura duk wata, ita kuma ta ɗauki nauyin yi masa a nan gida. In bai zo ba, da ƙafarta take binsa har fadama, tana ce masa, "Ango, ko sai na kira amarya ta riƙe ka?" Shekara huɗu yana lafiya lau. Har ya haifi 'ya.

Sai ɓarayin shanu suka addabi ƙauyukan gabas da mu. Ba zan yi ƙarya ba, kowa ya tsorata, har ni da nake nesa. Dattawa suka yi ta zirga-zirga suna roƙon a kawo 'yan sanda. Aka ce za a kawo, amma babu wurin zama. Mazan garin suka taru ƙofar mai gari, ba mace ko ɗaya, suka duba duk garin suka ga babu ɗaki mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe sai ɗakin shan magani. Suka bayar da shi. Malama ta yi ranar kasuwa biyu tana duba masu ciki a gindin darbejiya, akwatin maganinta a kan tabarma, awaki na shinshina. Daga nan aka mayar da ita Shagari. Aka yi wa ɗakin fenti, aka kawo mota sabuwa mai jiniya, yara suka bi ta da gudu.

Allurar ƙanena ta koma Shagari ke nan. A bakin mai magana ba nisa, amma lokacin dashe ne, wa zai bar ruwa na gudu a fangali ya hau babur ɗin kabu-kabu ya yini a layi? Wata ɗaya ya wuce, aka ce sai an huta. Na biyu ya wuce. Babu mai binsa fadama yanzu. A wata na uku, albasa ta fara ƙosawa, ya soma shiga gonakin mutane da rana tsaka yana buɗe masu ruwa, yana cewa albasar na kiransa da ƙishirwa. Ruwa kuwa a wannan lokacin ruɓar da ita yake yi. Mutane suka kai ƙara wurin wanmu.

A wajenmu akwai abin da ake cewa ajiya. In yaro ya gagari iyayensa, ko yana shan ƙwaya, ko ya ɗaga wa ubansa hannu, sai a kai shi wurin 'yan sanda a ce a ajiye shi kwana biyu ya ji a jikinsa. Ba ƙara ba ce, ba a rubuta komai. Tun da aka samu 'yan sanda a ƙofar gida, ajiya ta zama maganin kowace cuta a garinmu. Wanmu ya samu maza biyu, suka ɗaure autan da igiyar shanu, suka kai shi.

Sai rana ta huɗu labari ya iske ni, daga bakin wata mai sayar da daddawa a kasuwar Bodinga, wadda ta ɗauka na sani. Ban koma gida na canza zane ba. Na hau mota zuwa Shagari, daga nan kabu-kabu, na isa bayan azahar.

Ɗakin da suka mayar wurin tsare mutane, shi ne ƙaramin ɗakin da malama ke ajiye magani. Har yanzu hoton mace mai shayarwa yana manne a bango, ba su ko cire ba. Na leƙa ta 'yar taga. Yana zaune a ƙasa, hannunsa na hagu an ɗaure shi da ankwa a jikin ƙarfen tagar baya, don wai yana dukan ƙofa. Hannun ya kumbura ya yi baƙi. Ya dube ni, ko yaya bai kira ni ba. Warin wurin ba zan rubuta shi ba.

Sajen da ke kan tebur yana cin gyaɗa. Na gaishe shi yadda ake gaida hukuma, na ce wannan mara lafiya ne, allura ce ta tsere masa, a ba ni shi in kai shi asibiti. Ya ce ai su ma ya dame su, ba ya barin kowa ya huta, da ma a ɗauke shi. Na ce to bismilla. Sai ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga wandonsa ya ce:

"Hajiya, ajiya ce. Wanda ya kawo shi ne zai karɓa."

Na ce ni yayarsa ce. Ya ce ko uwarsa ce, in ya sake shi gobe ya yi ɓarna, wanda ya kawo zai zo ya ce ina kayansa. Na roƙe shi ko ankwar a sassauta. Ya ce makullin yana hannun kofur, kofur kuma ya fita da mota raka wani babban mutum ɗaurin aure.

Na iske wanmu a fadama yana gyara rudu, rumfar karan da ake zuba albasa ta sha iska. Ban gaishe shi ba. Ya ce in kwantar da hankalina, can ya fi ko'ina tsaro, ana kai masa tuwo safe da yamma. Ya ce saura kwana kaɗan a cire albasa.

"Bari mu kwashe. In munka ƙare, ni da kaina ina zuwa in ɗauko shi."

"Yaya, buhu na kak kai masu ko ɗan'uwanka?"

"Ke mi kinka sani? Boko na tsuhwa ya shiga maki kai. In yab buɗe ruwa gonar mutane, ke za ki tsaya gaban mai gari?"

Na je wurin mai gari. Na durƙusa, na ce ranka shi daɗe, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce magana ce ta gida, babba ya yanke, ƙarama ba ta warwarewa, kuma ina da miji, me ya sa bai zo ba? Matar autan kuwa iyayenta sun riga sun zo sun tafi da ita da 'yar.

Na koma Bodinga ina tafasa. A gida na tarar da mijina da abokansa a zaure, rediyo na magana a kan ƙarin motoci da ƙarin kuɗi ga 'yan sanda, suna ta gyaɗa kai. Daga bayan labule na ce da za a tambaye ni, a rage daga nan a mayar wa garuruwa malaman asibiti. Wani abokinsa mai bakin tsiya ya ce, "Uwargida, in ɓarayi sunka zo, malamar taki da allura za ta kore su?" Suka yi dariya. Na ce masa tun da aka kawo motar nan, saniya nawa ta dawo? Shi ma fa an kore na ƙanen matarsa ba a gani ba. Ban ce a kori 'yan sanda ba, ban taɓa cewa ba. Wanda ya kwana da tsoron bindiga ba zai ce haka ba. Abin da na ce, kuma har gobe nake cewa, an ɗauke mai allura an kawo mai ankwa, sannan ana mamakin mara lafiya ya ƙare a ɗaure. In mutum ya haukace a garinmu, ko mace ta gudo daga duka, ko saurayi ya faɗa ƙwaya, ƙofa ɗaya ce a buɗe, kuma a bayanta babu komai sai ƙarfe. Duk shekara kuma a ƙara wa ƙofar nan kauri.

Washegari na yage takarda daga littafin ajinmu na rubuta ƙorafi. Rubutun ya karkace, amma ana karantawa. Na kai ofishin 'yan sanda na Shagari. Kwana uku ina zuwa ina zama a benci kafin in ga babbansu. Mutum ne mai furfura, ya karɓe ni da mutunci, ya karanta har ƙarshe. Ya sa aka duba littafi, aka ce babu sunan ƙanena a ko'ina. Ya ce a takarda dai ba su riƙe kowa ba. Na ce to wanda na gani da ankwa aljani ne? Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce kullum yana hana yaransa karɓar ajiya, amma mutane ne ke kawowa suna roƙo, in an ƙi su ce 'yan sanda ba sa aiki. Ya ce su ba likitoci ba ne, ba a koya masu wannan ba. Na ce na sani, yallaɓai, likitar ai ɗakinta kuke ciki. Bai ji daɗi ba, ni ma ban faɗa don ya ji daɗi ba. Ya ce zai aika a sake shi. Aiken nasa ya ɗauki kwana uku kafin ya isa inda kabu-kabu ke zuwa kafin shayi ya huce.

Na nemo malama a asibitin Shagari. Da na gaya mata, ta ajiye abin da ke hannunta ta ce me ya sa ba wanda ya zo ya faɗa mata tun watan farko. Ranar da aka sake shi ita ta bi ni, a ranar hutunta. Ta tsaya a ƙofar tsohon ɗakinta, ta kira shi ango. Sai a lokacin ya yi kuka. A nan kan dakalin waje ta yi masa allura, sajen na kallo.

Hankalinsa ya dawo a hankali, cikin wata biyu. Hannun ne bai dawo ba. Likitan babban asibiti ya ce jijiya ce ta mutu inda ankwar ta matse. Yatsu uku ba sa lanƙwasa. Mutumin da ke gama layi uku kafin biyu su gama ɗaya, yanzu yabanya zamewa take yi daga hannunsa. Matarsa ba ta koma ba. Yana nan wurina a Bodinga, yana kwana a rumfa, don ba ya yarda a rufe masa ƙofa ko ana ruwa. Ranar kasuwa yana tsare wa masu albasa buhunansu. Gonarsa wanmu ke nomawa.

Bara aka yi suna a gidan wanmu, innarmu ƙanwar uwa ta matsa mani sai na je, na je. Ina tsakar gida ina raba waina, na jiyo wanmu a zaure yana ba baƙi labari. Wani ya tambayi lafiyar autan, sai ya ce ai ya warke sarai, tun da aka kai shi ajiya ya shiga taitayinsa, da ma abin da yake buƙata ke nan. Wani dattijo ya ce shi ma yana da ɗa mai irin wannan larurar, bari ya gwada.

Na ajiye faranti na shiga zauren, ban yi sallama ba. Na gaya wa dattijon ya zo Bodinga ya ga hannun kafin ya gwada, na kwatanta masa gidanmu da ranar da malama ke zama a Shagari. Wanmu ya ce in fita, nan wurin maza ne. Na fita, na ɗauki mayafina, ban tsaya cin naman suna ba. Dattijon bai zo ba har yau, kuma ban san abin da ya yi da ɗansa ba.