Inda Gwaggo Ta Tsaya A Kan Dutse

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta ta. In ɗauki waya in fara, in goge. Bokona a firamare ya tsaya, sana'ata ɗinkin hannu ce a zauren gidanmu a Kwarbai, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Amma na ga idan na yi shiru lokaci ba zai jira ni ba. Duk inda na yi kuskure a gyara mini.

Gwaggona, yayar babana, ita ta riƙe ni tun ina ƙarami, ba ta da ɗa a raye. Yanzu ta tsufa ƙwarai, ko tsakar gida ba ta fita sai an kama ta. An haife ta ne a wani ɗan ƙauye da ke manne da dutse, kudu da Zariya, ta wajen Turunku. Tana yarinya mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa. Da yake mata ba sa bin gawa, matan gidan suka hau kafaɗar dutsen, wurin da suke niƙa, suka tsaya suna kallo daga sama. Daga nan ta ga maza sun kai uwarta gindin wata kuka mai tsamiya kusa da ita. Ba a jima ba kakanmu ya ɗauko ta suka dawo Limancin Kona, ya sake aure, aka haifi babana. Ba ta ƙara komawa ba.

Kwanakin baya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Tun da aka rufe Inna ba wanda ya je ya tsaya a kanta ya yi mata addu'a. Ka je ka hau, ka tsaya inda na tsaya, za ka ga wurin."

Mun tashi da asuba, ni da ɗan kawuna, abokin wasana, wanda ya ce zai raka ni ne kawai don ya ga yadda matsoraci yake hawa dutse. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Kafin ranar na tambayi direbobi da 'yan kasuwa har suka gaji da ni, duk suka ce kwanan nan lafiya lau ne idan da rana aka bi. Duk da haka sai da na sallami iyalina sallama mai tsawo, har mai ɗakina ta ce ko Makka zan tafi ai ya isa.

A Ɗanmagaji muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu ya koma kamar 'ya'yan kanya, sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu. Kuɗin mota ma ya ninka abin da na sani, direba ya ɗora laifin a kan mai, mu muka ɗora a kansa, aka cusa mu aka kama hanyar Kaduna. A mararraba muka sauka muka hau acaɓa. Ruwan farko ya riga ya sauka, jar ƙasa ta yi laushi, ko'ina manoma ne da shanun huɗa. Ɗorawa ta nuna tana reto a bishiya. Na roƙi ɗan acaɓan ya tafi a hankali, ya ce to, bai rage komai ba.

Ƙauyen yanzu yana bakin hanya ne, ba a jikin dutse ba. Muka je muka gaida mai unguwa, na yi masa bayani. Ya ce ya ji iyayensa suna cewa a can sama aka fara zama, tun zamanin da ake tsoron mahara, don mai doki ba ya iya hawa, kuma ana hango ƙurarsa tun daga nesa. Da aka samu zaman lafiya mutane suka riƙa saukowa gida-gida saboda wahalar ruwa da nisan kasuwa. Gidajen da suka rage a gindin dutsen, irin nasu Gwaggo, su ma daga baya suka tashi. Ya ce tsofaffin da suka san maƙabartar sun ƙare, 'ya'yansu sun watse, wasu Kaduna, wasu Zariya, wasu ma ba a san inda suke ba. Ya sa aka dama mana fura da nono mai kauri, irin wadda ba a samu a birni, ya ce mu hau ta gabas, ta yamma santsi ne.

Dutsen baƙi ne sumul, kamar an kifa ƙaton akushi a tsakiyar gonaki. Daga nesa za ka ce ba abin da ke rayuwa a kansa. Da muka matso na ga ba haka ba ne. Itatuwan hano sun tsaya a tsagoginsa, ɓawonsu yana saɓulewa kamar takarda. Wani ɓaure ya kafa saiwa a cikin tsaga har ya raba dutse biyu. Remaye suna shan hantsi, da suka gan mu suka yi wuf suka shige kogo. Ban taɓa ganin rema da rai ba sai ranar. Can sama birai suna leƙenmu, ɗan kawuna ya ce dangina ne suka fito tarya.

Alamun mutane kuwa suna nan ga mai duba ƙasa. Mun tsallake wata tsohuwar katanga ta duwatsu da aka jera ba tare da laka ba, yanzu ba ta wuce gwiwa ba. Akwai fasassun tukwane birjik, da baƙin kashin tama na maƙera, da wasu ramuka masu zurfi da nake zaton marina ce, ko da yake ban tabbatar ba. Ruwa ya taru a ciki, kwaɗi sun gaje su.

Daga nan hawan ya miƙe. Ni mutum ne da ko tsani na hau don gyaran indararo sai na yi ta salati. Na waiwaya sau ɗaya, na ga ƙasa ta yi nisa. Na cire takalma na rataya a wuya, na koma rarrafe.

"Malam, rarrafe kuma?" in ji ɗan kawuna daga sama. "Nan fa Gwaggo take hawa da ƙwaryar hatsi a ka!"

Na ce, "Ita a nan aka haife ta, ni a zaure."

A tsakiya na zauna na manne da dutse. Daga wurin ma ana ganin gonaki, zuciyata ta ce ai nan da can duk ɗaya ne, duba ka sauka. Amma ba haka Gwaggo ta ce ba. Cewa ta yi in tsaya inda ta tsaya. Na daina kallon ƙasa, na sa ido a kan tafin hannuna, na ci gaba.

Kafaɗar dutsen shimfiɗaɗɗiya ce, ta isa a shanya hatsin gida guda. Ga ramukan niƙa nan a jere, dogaye, hannun mata ya cinye dutsen har ya lotsa. Na sa hannu a ɗaya, santsinsa kamar sabulu. Ruwan sama ya kwanta a wasu, talibambam suna iyo. Ban san ɗaruruwan shekarun da aka yi ana durƙusawa a nan ba kafin dutse ya yi haka. Wannan wuri dai ba ni da shakka a kansa. Na miƙe tsaye, na duba ƙasa.

Na ga kuka guda ɗaya a tsakiyar wata gona, da wani ɗan fili a gindinta da garma ba ta taɓa ba, sabara da kalgo sun rufe shi. Amma babu tsamiya kusa da ita. Tsamiyar tana can gefe ita kaɗai, da tazara, kuma an yi huɗa har gindinta.

Saukowa ta fi hawa wuya, a zaune na yi ta, wandona ya shaida. Muka tarar da mai gonar yana kwance wa shanunsa karkiya, dattijo ne amma bai kai Gwaggo ba. Bayan gaisuwa na tambaye shi filin da ya bari.

"Babana ya ce kada garma ta shiga nan," in ji shi. "Ban tambaye shi dalili ba. Mu a lokacinmu ba a tambaya."

Ɗan kawuna ya ce, "To shi ke nan ai. Ga kuka, ga maƙabarta. Yi addu'arka mu kama hanya."

Na ce, "Tsamiyar fa? Baba, an taɓa yin kuka kusa da waccan tsamiya?"

Ya juya ya kalli wurin. Ya ce ƙwarai kuwa, yana yaro akwai wata ƙatuwa, iska ta kayar da ita. Kuka kuwa idan ta faɗi ba ta barin kututture, ruɓewa take yi ta zama ƙasa. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ita ma wannan da ke tsaye, ba mamaki tana da tata tsamiyar aka sare. Masu gawayi ba su bar komai ba."

Ka ji inda na tsaya. Ko dai mahaifiyar Gwaggo tana cikin filin da aka kiyaye, ko kuma shekara da shekaru ana noma dawa a kanta ba da sanin kowa ba. Na duba gindin tsamiyar, na ga fasassun tukwane a cikin kunyoyin gonar, irin waɗanda ake rufe kabari da su. To amma irinsu suna ko'ina a kufan nan. Na shiga cikin sabarar a hankali, ina tsoron maciji ina kuma tsoron taka wani, na ga wurare sun lotsa kudu da arewa, kamar tsofaffin kaburbura. Na yi sallama na yi addu'a a nan, na je gindin tsamiya na sake yi, na haɗa da duk musulmin da ke kwance a wurin.

Na roƙi dattijon, cikin jin nauyi, ko zai bar gindin tsamiyar ba shuka har in bincika. Ya ce dama inuwa ba ta barin dawa ta yi kirki a nan.

"Amma bana kawai, Malam. Baɗi yarana tarakta za su kawo, ita kuwa ba ta san kwana ba. In ka kawo wanda ya sani, ko ina ne zan kafa duwatsu in kewaye."

A hanyar dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya kama mu a kan acaɓa, muka shiga mota sharkaf. Ɗan kawuna ya daina wasa. Ya ce, "Don Allah in mun je ka ce mata ka gani. Tsohuwa ce, me ya rage mata? Ka bar ta ta samu natsuwa." Har muka shigo birni ina auna maganarsa, don ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba.

Mun iso kafin magariba. Ban ko canza kaya ba na shiga ɗakinta. Ta ce, "Ka hau?" Na ce na hau. Na ba ta labarin ramukan niƙa, ta ce na ƙarshe ta hannun hagu shi ne na Inna, don ita bahaguwa ce, tana son fili a gefenta. Sannan ta ce, "Ka gan ta?"

Na faɗa mata yadda abin yake, kuka a nan, tsamiya a can, ban rage komai ba. Ina gamawa na fara da-na-sani. Can ta ce, "Da ka shigo ka ce mini ka gani, da na san ƙarya kake. Kai da ko gishirin miya ba ka taɓa tabbatarwa ba." Ta gyara kwanciya. "Ai ban mutu ba tukuna. Je ka nemo."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne dutse yana riƙe sawun hannun mutane, amma ba ya riƙe sunansu. Wannan sai a bakin masu rai, su kuma suna ƙarewa.

Saboda haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. Idan kakanninka daga wani kufai suka taso a gindin dutse ta wajen Turunku, mai ramukan niƙa a kafaɗarsa ta gabas, ka taimaka ka tambayi tsohon gidanku ko tsohuwarku: a gindin wace kuka ake rufe mutane, wadda take tsaye ko wadda ta faɗi? Ko ji kawai ya yi daga bakin wani, a rubuta mini a ƙasan nan, a kuma faɗa mini daga wa ya ji. Zan zo har inda yake in ji da kunnena, in ya yarda in ɗauke shi mu je. Damina ɗaya mai gona ya ba ni, Gwaggo kuma kullum da safe sai ta tambaya ko an samu wani.