Goggo Ta Je Duba Abin da Ta Bayar

Goggona, yayar babana, a tsaye ta yi rayuwarta gaban teburin guga. Shagonta ɗan ƙarami ne, injin wanki a baya, riguna rataye a gaba, da wata fanka mai ƙara da ta hana a canza. Duk layin, Mai Guga ake ce mata, har mijinta idan tsokana ta motsa.

Allah ya yi ta da nauyin ƙirji tun tana budurwa. Da girma ya zo sai baya ya fara ciwo, igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗa. Likita ya ce a rage. Ta daɗe tana jan ƙafa, sai ranar da ta kasa sunkuyawa ta ɗauki jikarta sannan ta yarda.

Kafin tiyatar wata nas ta zauna bakin gadonta, ta ce naman da za a cire lafiyayye ne, zubarwa ake yi, amma masu binciken sankarar mama suna so idan ta amince.

"Me za su yi da lafiyayye? Ai mai ciwon ya kamata su nema."

"Mai ciwon ya riga ya lalace, Inna. So suke su ga inda lalacewar take farawa."

Goggo ta ce su ɗauka, ita dai bayanta ya huta. Ya kuwa huta. Ta koma shago tana tafiya kamar an sauke mata buhu.

Bayan 'yan shekaru aka gayyaci waɗanda suka bayar su zo su ga ɗakin binciken, ni na raka ta. Ɗakin sanyi ƙalau, ga warin maganin goge tebur. Mai binciken, wata doguwa mai gilashi, ta buɗe akwati kamar firij amma mai ɗumi, ta fito da 'yan faifan roba masu ruwan hoda. Ta sa ɗaya a madubin ƙara girma, hoton ya fito a allo.

"Waɗannan ƙwayoyin mama ne lafiyayyu," in ji ta. "Suna yaɗuwa, amma da sun taɓa maƙwabta sai su tsaya."

Ta ce kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin da ta gada. Idan masu bincike suka ɓata wanda ke cewa a tsaya, sau da yawa ba a ganin wani abin kirki, sai dai ƙwayoyin su ƙi tsufa. Sai an ƙara wani canjin, an sake ƙarawa, sannan a ga abin da ke faifai na ƙarshe. Ta nuna mana: sun hau kan juna, sun yi tsibi.

"Waɗannan ba su da tarbiyya," in ji Goggo. "To wanne ne nawa?"

"Ba wanda ya sani, Inna. Tun a asibiti ake cire suna."

Goggo ta ƙura wa allon ido. Can ta tambaya ko abin zai biyo ta jikinta. Mai binciken ta ce a'a, su suka yi canjin da hannunsu a cikin faifai, amma Goggo ta ci gaba da zuwa gwajin mama a asibiti kamar kowa.

"To shi ke nan. Duk nawa ne. Ki riƙe su da kyau."

A hanyar gida ta ja ni muka shiga kantin kaya. Ta gwada wata riga shuɗiya, ta zauna mata daidai ba sai an kai wa tela ba. Da ita a jiki ta fito, ni na riƙo tsohuwar a leda.