Baharin da Baba Ya'ƙub ya sani

Duk unguwarmu ta Arba wa Nus an san Baba Ya'ƙub da abu ɗaya: ba ya buɗe baki bai ambaci bahar ba. Mu a Sudan haka muke kiran kogin Nilu. A Mai Wurno aka haife shi, a bakin ruwa, har ya yi furfura yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa a jirgi. Da yaƙi ya koro mu Alƙahira sai ya koma gadin wani bene a unguwar Mohandessin, amma kullum da la'asar yana teburin shayina yana cika mana kunne. Nakan ce, "Haba Baba, sha shayinka, ruwan nan ya ishe mu!"

Ɗa ɗaya ya rage masa, Fadl, shi kuma ya kafe sai ya ƙetara Turai. An yi faɗa, an yi kuka, an haɗa shi da Allah, ina! Ranar da dillali ya turo masa hotunan jiragen ruwa biyu, a gabana ya miƙa wa uban wayar. Duka masu inji ne, girmansu ɗaya. Ɗaya gindinsa a shimfiɗe kamar faranti, ɗayan cikinsa da tsini kamar bakin gatari.

"Baba, tafiya dai ba fashi. Zaɓar mini, kai ka san bahar."

Tsohon ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Mai shimfiɗaɗɗen gindin. Ba ya tangaɗi, ba ya kafewa a yashi. Irinsa na tuƙa duk rayuwata, ko akuya ban taɓa zubarwa ba."

Bayan tafiyar yaron, Baba ya nuna wa direban maigidansa hoton, wani mutumin Iskandariyya, har da ɗan alfahari. Direban ya dafe kai.

"Ya hajj, wannan ai na Nilu ne! A teku mai tsinin ne ke tsaga igiyar ruwa. Wannan ɗaga shi take yi ta maka da ƙasa."

Kun ji fa. A bakin mutanen Iskandariyya bahar teku ce mai gishiri, wadda Baba bai taɓa gani da idonsa ba. Wallahi da ya iso wurina ran nan ban gane tafiyarsa ba. Ya zauna, ya kira Fadl, waya a kashe. Ya kira dillalin, ita ma a kashe. Ya dube ni ya ce, "Awadiyya, ashe bahar biyu ne."

Me zan ce masa? Ma'alish, wato ya yi haƙuri? Na zuba masa shayi, ya huce a gabansa, ni kuma na juya baya ina share hawaye da mayafi.

Har yau ba labarin Fadl, mai daɗi ko marar daɗi. Ni da nake hana Baba zancen ruwa, yanzu ni ke roƙonsa ya ba mu labarin jirginsa. Sai ya girgiza kai, ya sake danna lambar Fadl.