Hamisu Bakin Mai Alkyabba

A Madarumfa, in ka ce Hamisu mai facin taya, sai an tsaya tunani. In ka ce Bakin Mai Alkyabba, ko makaho zai nuna maka rumfarsa. Shekara biyu ya yi yana aparantin kamiyo, wato yaron babbar mota, tsakanin Maraɗi da Katsina, ya dawo da karayar haƙori ɗaya da kuma iƙirarin cewa ya ji Turancin Ingilishi har ya ƙoshi.

A shekarun nan na casa'in Alhaji Isa mai kanti ya sayo tele, ya haɗa ta da batirin mota, ya ɗaure eriya a kan doguwar gora tana kamo tashar Nijeriya. Kowace Laraba bayan magariba ana nuna wasan wani Bature mai alkyabba, wanda yake tashi sama kamar shirwa, yana ɗaga mota da hannu guda. Ba mai jin abin da ake cewa, sai Hamisu ya zama tafinta. A bakinsa Mai Alkyabba Bagobiri ne sak: yana yi wa ɓarayi kirari, yana yi musu habaici, har ya tambaye su ko sun ci tuwo kafin ya dake su. Masunta da masu lambu suka riƙa ba Hamisu kujerar gaba. Shi da ba a taɓa tambayarsa ra'ayi ko a kan farashin albasa ba, ga shi gari na jiran bakinsa. Yana son kujerar nan fiye da yadda zai iya faɗa.

Asirin kuwa ɗaya ne: Turancin Hamisu bai wuce na neman mai da ruwan radiyeta ba.

Wata Laraba aka sa kiɗan da aka saba, ga garin da aka saba, amma Mai Alkyabba ko ƙyallinsa. Sabon wasa ne aka tsiro da shi a kan matarsa 'yar jarida da wani ɗan sanda mai tumbi. Magana suke ta yi a ofis, ba mai tashi ko daga kujera, balle sama.

"Hamisu, ina mutumen namu?" in ji Hajiya Bushira mai tuwo, wadda ba ta taɓa fashi ba.

"Ya tahi Hajji, Hajiya."

Mako na gaba ya ce 'yan duwan, wato kwastan, ne suka riƙe shi a kan iyaka a Ɗan Issa saboda alkyabbar ba ta da takarda. Na gaba ya ce masassara. Mutane suka fara tsaki, suna jifan tele da ɓawon gyaɗa, wasu kuma suna saitin ƙeyar tafinta. Shi kansa Hamisu haushi kamar ya kashe shi. Me zai fassara a bakin mai tumbi? Da aka matsa masa lamba a mako na biyar, sai ya cire hula ya sunkuyar da kai.

"Jama'a, na ɓoye muku ne. Mai Alkyabba ya rasu."

Hajiya ta nuna matar a tele. "Shi ne wagga marar kunya ta sha jan baki, ko takaba babu?"

Ba a yi wa mamacin addu'a ba, tunda ba a san addininsa ba, amma gaisuwa ai ta mai rai ce. Wa za a yi wa in ba bakinsa ba? Washegari aka yi ta zuwa rumfar faci ana cewa ya haƙuri, wasu da gaske, wasu suna danne dariya. Hajiya ta aiko da gumba. Hamisu ya karɓi gaisuwa da fuskar maraya, ya cinye gumbar tas, kujerarsa kuma ta tsira.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Bayan wata biyu, ana cikin kallon mai tumbi yana shan shayi, sai taga ta tarwatse, Mai Alkyabba ya diro tsakiyar ofis, lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Aka yi ihu, sannan duk aka juyo ga Hamisu. Murna da kunya suka kama shi a lokaci guda. Baturen ya yi 'yar magana, ya fice ta tagar da ya shigo.

"Mi ya ce?" in ji Hajiya.

Hamisu ya juyo gare ta. "Ya ce... a gaida Hamisu, shi ɗai ya ruhwa mishi asiri. Maƙiya yake ɓoye ma."

Ba wanda ya yi dariya. Hamisu ya fara laluben takalmansa da ƙafa, ya tabbata yau kujera ta bar shi. Hajiya ta kama gefen rigarsa ta zaunar da shi.

"Zamna, ɗan nema. Tun ran farko munka san ba ka jin Turanci. Naka muke zuwa saurare. Yi ta shara muna, amma in ka sake kashe muna shi, wallahi kai za a yi ma gumba."